Bindigar Wasa, Idon Yaro, da Lambar da Ake Rubutawa a Ɗakin Kati

Laccar da aka gabatar a Hayin Banki, Kaduna, cikin goman ƙarshe na watan azumi

 

Mai girma shugaban taro, ranka ya daɗe Mai Unguwa, Allah ya gafarta malamai, iyayenmu mata da ke zaune ta wancan ɓangare, abokan aikina ma'aikatan lafiya, masu kemis da suka rufe shago suka zo, ƙannena ɗalibai. 

Ni ba likita ba ne, ba kuma nas ba. Ma'aikacin ɗakin kati ne, tagar nan da kowa ke fara yin layi a gabanta da sassafe, kowa kuma ya manta da ita da zarar ya samu sauƙi. Mutane sun ɗauka aikinmu ya tsaya ga yankan kati da laluben folda a kanta. Wannan na gaban taga ke nan. Na bayan taga sai an sallami mara lafiya yake farawa: foldarsa ta dawo teburinmu, mu karanta abin da likita ya rubuta tun daga ranar zuwa har ranar sallama, mu mayar da shi lamba. Da waɗannan lambobi ake ƙirga cututtuka a asibiti, da jiha, da ƙasa, har duniya baki ɗaya. Abin da bai samu lamba ba, ko da yara ɗari ya makantar, a wurin masu tsara kasafin kuɗi bai faru ba.

Saura 'yan kwanaki Sallah, kuma tuni kayan da zan yi magana a kansu suka cika tebura, daga kasuwar Kawo har kasuwar Sheikh Gumi, har da masu turin baro a bakin titi. Ga ɗaya nan na zo da ita.

Baƙar roba ce, an ƙera ta da siffar ƙaramar bindigar hannu, ana sayar da ita a leda tare da ƙullin 'yan ƙwayoyi rawaya. Kowace ƙwaya faɗinta milimita 6 ne, nauyinta bai kai rubu'in giram ba. In ka ɗora ta a tafin hannu ba za ka ji ka ɗauki komai ba. Idan yaro ya ja saman bindigar baya har ya ji ƙas, sifirin ne ya matse a ciki. Da ya taɓa kunama sai sifirin ya saki, ya ingiza wani ɗan murfi a cikin bututu, murfin ya matse iska, iskar ta feso ƙwayar waje. Babu albarushi, babu hayaƙi, ƙararta ma ba ta kai ta tafi ba. Shi ya sa uba zai ga ɗansa ya sayo ta da kuɗin barka da Sallah, ya yi murmushi ya wuce.

Tana da yaya, ita ce bindigar iska ta sosai, wadda samari da wasu masu gona ke harbin kurciya da ita. Ita ƙwayarta ta dalma ce ko ta ƙarfe, yawanci milimita 4.5. Wata karya ta ake yi a tsakiya a ɗana sifirin, wata famfo ake yi mata, wata da ɗan tulun gas take aiki. Wannan kam tana huda fata, kuma ƙoƙon kan ƙaramin yaro bai yi kaurin da zai tare ta a kowane lokaci ba. Mutane da yawa ba su san cewa Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ta jera bindigar iska a sahun waɗanda sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda ake mallaka ba, kuma dokar ta hana a ba wanda bai kai shekara 17 ba lasisi. Ta robar nan da ke hannuna kuwa, a kasuwa tare da balan-balan da tabarau ake rataye ta, kowa ya saya.

To, yaya ƙwayar da ko fata ba ta hudawa take lalata ido? Allah ya kewaye ido da katangar ƙashi: goshi daga sama, ƙashin kunci daga ƙasa, karan hanci daga gefe. Ƙwallo ko naushi in suka zo, yawancin ƙarfinsu a kan wannan ƙashi yake ƙarewa. Ƙwayar milimita 6 kuwa rabin faɗin baƙin ido ce, don shi yana kusan milimita 12. Ba ta taɓa ƙashi ko kaɗan, duk ƙarfinta a kan ido yake sauka. Ga shi yara ba daga nesa suke harbi ba. A zaure ne, a lungu ne, taku uku ko huɗu tsakani. Wani ma leƙa bakin bindigar yake yi don ya ga abin da ya hana ƙwaya fita.

Abin da aka fi gani shi ne jini ya taru a gaban ido, daga ciki. In yaron ya ɗan jima a zaune, za ka ga jinin ya kwanta a ƙasan baƙin idon, ja, samansa a miƙe sumul. Bayan kwana biyu sai ya fara washewa, uwa ta ce alhamdu lillahi ya warke, yaro ya koma guje-guje. A nan haɗarin yake, domin tsakanin kwana na biyu da na biyar jijiyar da ta fashe takan sake ɓallewa, kuma jini na biyu ya fi na farko muni. Idan aka ba shi asfirin ko ibuprofen don rage ciwo, an ƙara buɗe wa jinin hanya. Malamai masu kemis, wannan taku ce, ku riƙe.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu fiye da Turawan da suka rubuta yawancin littattafan da muka karanta. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan jininsa AS ne. Mai AS lafiyarsa lau, bai san ciwon sikila ba. Amma in jini ya taru a cikin idonsa, ƙwayoyin jinin sukan lanƙwashe a can, su toshe 'yan magudanan da ruwan ido ke fita ta cikinsu, ƙarfin ruwan ya hau, jijiyar gani ta lalace cikin ɗan ƙanƙanen lokaci. Har maganin da aka saba sauke wannan ƙarfi da shi, acetazolamide, likitocin ido kan kauce masa ga irin wannan yaro, don yana ƙara lanƙwasa ƙwayoyin. Duk uwar da ta san jinin ɗanta AS ne ko SS, ta faɗa tun daga bakin ƙofa, kada ta jira a tambaye ta.

Yanzu mu shiga ɗakin kati.

Littafin da muke aiki da shi sunansa ICD, kundin rabe-raben cututtuka na duniya. Asalinsa jerin dalilan mutuwa ne da wani Bafaranshe, Jacques Bertillon, ya gabatar a taron masana ƙididdiga a Shikago a 1893. Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi ragamarsa a 1948 da bugu na shida, wanda shi ne ya fara haɗawa da cututtukan masu rai, ba dalilan mutuwa kaɗai ba. Bugu na goma, ICD-10, an amince da shi a 1990, ƙasashe suka fara aiki da shi daga 1994, kuma da shi aka koyar da yawancinmu a makarantun horar da ma'aikatan adana bayanan lafiya, irin ta asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ta Maƙarfi. Sana'a ce mai rajista, akwai hukumar da doka mai lamba 39 ta 1989 ta kafa dominta. Na faɗi wannan ne don ƙannena masu ganin ɗakin kati wurin ajiye wanda ya rasa abin yi ne.

A wannan littafi rauni lamba biyu yake ci. Ta farko daga babi na 19, masu farawa da S ko T, ita ke faɗin abin da ya samu jiki. Ta biyu daga babi na 20, masu farawa da V, W, X ko Y, ita ke faɗin yadda abin ya faru. Jinin da ya taru a ido ba tare da hudawa ba, S05.1 ke nan. Ƙwaya ta huda ido ta zauna a ciki, S05.5. Ido ya fashe har abin cikinsa ya fito, Allah ya kiyaye, S05.2. In yaron AS ne a ƙara masa D57.3. Waɗannan su ne damuwar likita, don su zai yi wa magani. Amma S05.1 ba za ta gaya maka ko naushi ne, ko bulala ce a makaranta, ko murfin kwalbar lemo ne ya yi tsalle ba. Wanda yake son ya hana abin sake faruwa, lamba ta biyu yake buƙata, kuma ita ce gurbin da aka fi bari fayau.

Harbin bindigar iska bisa tsautsayi lambarsa W34. W32 ta bindigar hannu ce, W33 ta manyan bindigogi, W34 kuwa ta ragowar ce da waɗanda ba a fayyace irinsu ba. A nan Hukumar Lafiya ta zuba bindigar iska, a nan kuma ta zuba duk harbin da ba a ce komai a kansa ba ban da cewa harbi ne. Ku duba abin da wannan ke nufi a Kaduna. Yaron da ƙanensa ya harba da ƙwayar roba a nan Hayin Banki, da direban da aka kawo daga hanyar Birnin Gwari da harsashi a cinya, wanda likita ya rubuta masa harbin bindiga kawai bai ƙara komai ba, suna iya haɗuwa a layi ɗaya na rahoton shekara. A jihar da asibitocinta suka sha karɓar masu raunin harsashi na gaske, idon yaronmu nutsewa zai yi a cikin wannan layi, ba mai ganinsa.

Sai kuma maganar niyya, wadda ita ce ke haɗa mu gardama a ofis. W34 ta tsautsayi ce. In da gangan wani ya harbi wani, X95. In mutum ya harbi kansa da gangan, X74. In an bincika an kasa tantancewa, Y24. Bindiga ɗaya ce, ido ɗaya ne, amma lamba huɗu ke jiransa. To yara suna wasan ɗan sanda da ɓarawo, ɗan shekara bakwai ya saita abokinsa ya harba. Da gangan ya saita, wannan ba shakka. Amma ya yi nufin cire masa ido? A ganina tsautsayi ne, W34, domin shi a zuciyarsa wasa yake yi da abin da babba ya saya masa a matsayin kayan wasa. Saurayi ɗan shekara sha shida da ya bi wanda suka yi faɗa da shi har lungu ya harbe shi a fuska, wannan X95 ce, ko da bindigar ta roba ce. Sai dai mu da ke tebur ba alƙalai ba ne. Abin da likita ya rubuta shi muke bi, abin da bai rubuta ba ba mu da ikon ƙirƙira. A Amurka ƙa'idarsu ta ce in ba a rubuta niyya ba a ɗauka tsautsayi ne, kuma masu bincike a can sun gano cewa wannan ƙa'ida ta sa harbin ganganci da yawa yana shiga lissafin tsautsayi. Ke nan su ma da kwamfutocinsu, shirun likita yana ɓata musu lissafi.

A littafin da muka koya da shi ana ƙara lamba ɗaya bayan ɗigo don nuna wurin da abin ya faru: W34.0 a gida, W34.2 a makaranta, W34.4 a titi, W34.5 a kasuwa ko shago, W34.7 a gona. Ɗalibai, a nan zan ɗan tsaya, don akwai rami. Yawancinku yanzu ba ku buɗe littafi, waya kuke dannawa, kuma abin da intanet ke fara kawo muku shi ne na Amurka, ICD-10-CM, wanda suka fara aiki da shi ranar 1 ga Oktoba 2015. Su sun tsattsage W34 filla-filla. W34.010 bindigar iska ce ta tashi, W34.011 mai harba ƙwallon fenti, W34.018 sauran masu aiki da gas ko iska ko sifirin. In bindigar ce ta lalace ta ji wa mai riƙe da ita rauni, sai a koma W34.110 da 'yan uwanta. A ƙarshe su liƙa harafi: A in ana cikin maganin farko, D in dawowa ce ta bin sawu, S in illa ce da ta biyo baya. Tsari ne mai kyau, har ina kishinsa. Amma sifilin da ke bayan ɗigo a nasu yana nufin bindiga ta tashi, a namu kuwa yana nufin a gida. Idan ma'aikaci ɗaya yana kwafowa daga waya, na kusa da shi yana duba littafi, rajista ɗaya suke cikawa da ma'ana biyu, kuma wanda zai haɗa rahoto a ƙarshen shekara ba shi da hanyar raba su. Kowane asibiti ya tsayar da wanda yake bi, a rubuta a bangon ofis.

Duk wannan bayani na lambobi yana aiki ne in gaskiya ta iso teburinmu. Bari in bi da ku hanyar da takan ɓata.

A ce washegarin Sallah da la'asar, yara sun dawo daga yawon Sallah, ana ta harbe-harbe a tsakar gida. Sai ihu. Yaro ya riƙe ido, hawaye na zuba. Wata ta ce a ɗiga masa nono, wata ta ce ruwan sukari, kaka ta ɗauko kwalli. Da magariba a kai shi kemis, a karɓo maganin ɗigawa da na ciwo. Sai a kwana na huɗu, da ido ya rine, yaro ya fara amai saboda ciwon kai, sannan a tari keke a nufi asibiti. A taga mu tambaya, "Baba, me ya same shi?" Uban ya ɗan yi jim, ya ce, "Faɗuwa ya yi." Ko ya ce, "Tsakuwa ce ta faɗa masa."

Ba na ganin laifinsa sosai. Dalili biyu ne suka riƙe masa harshe. Na farko, ya san da ya ambaci bindiga a asibiti wani zai ce a kawo rahoton 'yan sanda, shi kuwa bai shirya kwana a caji ofis kan abin wasa ba. Na biyu, wanda ya yi harbin ɗan maƙwabci ne, ko ɗan ɗakin kishiya, kuma an riga an zauna an ce a rufe maganar, ƙaddara ce. Daga nan ya shiga wurin likita, wanda layi ke jiransa har baranda, ranar hutu ce kuma shi kaɗai ne. Ya duba ido da kyau, ya yi abin da ya kamata, ya rubuta kalma uku a folda. Bayan sati foldar ta zo hannuna. In sa S05.1. A gurbi na biyu, in an ce faɗuwa, W19. In ba a ce komai ba, X59, wato wani abu ne dai da ba a fayyace ba. Shi ke nan, bindiga ta fita daga labari. Mai sayar da ita zai sake sarowa da babbar Sallah.

Game da tsoron 'yan sanda, ya kamata kowa a nan ya san cewa tun a Disamba 2017 aka sa hannu a kan dokar tilasta kula da waɗanda aka harba. Dokar ta ce kowane asibiti, na gwamnati ko mai zaman kansa, ya karɓi mai raunin harbi ya fara yi masa magani, da rahoton 'yan sanda ko babu. Asibitin ne zai sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa cikin awa biyu da fara magani, ba dangin mara lafiya za a tura ba. In harsashi na gaske ma haka doka ta ce, ina ga ƙwayar roba? Kuma faɗin gaskiya ba don lissafinmu kaɗai ba ne, magani ma a kansa ya dogara. Ƙwayar ƙarfe ko dalma tana fitowa ɓaro-ɓaro a hoto, ta roba kuwa tana iya ɓuya. In kuma akwai ƙarfe a cikin ido, ba a saka mutum a na'urar MRI, don maganaɗisunta zai iya motsa ƙarfen ya ƙara yanka. Likitan da aka ce wa faɗuwa ce, ba lallai ya nemi ƙwaya ba.

Wani zai ce, to in an ƙirga sai me? Ga abin da ƙirge ya yi a wasu wurare. A 1995 cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar da rahoto cewa kimanin mutum 30,000 ake kaiwa sashen gaggawa kowace shekara saboda bindigogin iska, yawancinsu yara da matasa. Kafin ƙarshen shekarun 1990 sun ware wa bindigar iska lambarta, E922.4, a bugu na tara da suke aiki da shi a lokacin. A 2019 mujallar Pediatrics ta buga wani nazari da ya duba daga 1990 zuwa 2016, ya ƙiyasta yara sama da 360,000 da suka ji irin wannan rauni. Abin da ya fi jan hankalina a ciki shi ne, jimillar raunukan ta ragu sosai a tsawon shekarun, amma raunin ido ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100. Da a dunƙule suka ƙirga, da murna za su yi su ce matsala ta kau. A Sikotilan, mutuwar wani yaro ɗan shekara biyu da aka harba da bindigar iska a Glasgow a 2005 ita ta tayar da yunƙurin da ya kai ga dokar lasisi ta 2015.

Wanda ya fi kama da namu shi ne na Afganistan. A Yulin 2015, bayan ƙaramar Sallah, ma'aikatar cikin gida ta ƙasar ta umarci 'yan sanda su ƙwace bindigogin wasa, saboda an kai mutum sama da ɗari, galibi yara, asibiti da raunin ido cikin kwanakin Sallar. Su ma kuɗin barka da Sallah ne yara ke saye da shi. Likitocin ido a Kuwait da Pakistan sun yi rubuce-rubuce kan wannan cunkoso na lokacin Sallah. Ƙasar da a lokacin take cikin yaƙi, tana fama da bama-bamai, ta samu sukunin ware raunin bindigar roba daga na bindigar gaske, saboda wani ya zauna ya ƙirga ya kai wa minista adadi. Mu kuwa Allah ya ajiye mana Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa a cikin garinmu, wadda doka ta kafa tun 1979, ga ta nan ta wajen Mando, daga Kawo ba wata tafiya ba ce. Ga asibitin Kawo, ga Barau Dikko. Ƙwararru ba su ne suka yi mana ƙaranci ba.

Kuma lissafin ba ya ƙarewa ranar sallama. Idon da ya sha irin wannan bugu yakan yi yana bayan watanni, H26.1. Yakan kamu da hawan jinin ido bayan shekara biyar ko goma, a hankali, ba ciwo ba ja, H40.3. In gani ya tafi a ido ɗaya, H54.4. Littafi ya tanadi T90.4 da Y86 don a ɗaure wannan illa da tsohon haɗarin da ya jawo ta, amma sai in wani ya tuna ya faɗa, wani kuma ya rubuta. Tsohuwar makarantar sojoji ta NDA tana nan maƙwabtaka da mu, yaran unguwar nan da yawa da burin kaki suke tashi. Wani sai ranar gwajin lafiya, an ce ya rufe ido ɗaya ya karanta allo, sannan zai san abin da wata Sallah ta yi masa yana ɗan aji uku.

Kada kuma a ce na manta da sauran kayan Sallah. Danƙon harbin tsuntsu W20 yake shiga, tare da abubuwan da aka jefa ko aka cilla. Nokawut tana da tata, W39. Bindigar toka ta mafarauta da ta 'yan bindigar hawan Sallah kuwa ba a ware mata lambar kanta ba, don waɗanda suka rubuta kundin ba da ita suka tashi ba.

Bugu na sha ɗaya, ICD-11, an amince da shi a Mayu 2019, ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2022. A kwamfuta aka gina shi, kuma yana ba ka damar liƙa wa lamba ƙarin bayani: wane abu ne ya yi raunin, a ina, ana cikin me. Zai rage mana cunkoson W34. Amma ba na so mu zauna jiransa, domin ko ya iso kowane asibiti gobe, abin da uba ya faɗa a taga da abin da likita ya rubuta a folda su zai ci. Ƙananan asibitocinmu na unguwa ma ba lamba suke sa wa kowane mara lafiya ba. Rajista suke cikawa, a ƙarshen wata su tattara a fom, a shigar a manhajar DHIS2 da Jami'ar Oslo ta ƙirƙira, wadda ma'aikatar lafiya ke tara bayanan ƙasa a cikinta. Wannan fom ba shi da gurbin bindigar wasa.

Don haka roƙona ƙarami ne, kuma bai buƙatar kasafi. Likita ko malamin asibiti, layi ɗaya muke nema a folda: wace irin bindiga, ƙwayar roba ko ta ƙarfe, wa ya harba kuma a wane hali, a ina, wace rana. Ba sunan yaron da ya yi harbin muke so ba, "ƙanensa, suna wasa, a tsakar gida" ya wadatar. Mai kemis, in an kawo maka yaro da ido, kada ka ɗiga komai, kada ka danna, kada ka naɗe da auduga. Yanke gindin kofin roba mai tsabta ka kife a kan idon, ka manne da filasta ta yadda ba abin da zai taɓa ƙwayar idon, ka ba da farasitamol kawai, ka ce a zaunar da shi kansa a sama, kada a ba shi abinci ko da za a shiga da shi tiyata. Sannan ka yagi takarda ka rubuta abin da aka gaya maka da lokacin da ya faru, su tafi da ita asibitin ido a ranar, ba gobe ba. Kai aka fara gaya wa gaskiya, kafin a zauna a gida a shirya abin da za a faɗa.

Ma'aikatan ƙaramin asibitinmu kuma, ku ware shafi ɗaya a bayan rajista daga jajibirin Sallah zuwa kwana goma bayanta. Duk yaron da ya zo da raunin ido a rubuta shekarunsa, da abin da ya same shi, da inda aka tura shi. Masu kemis su yi haka a littafin shagonsu. Ranka ya daɗe Mai Unguwa, in ka amince, bayan sati biyu da Sallah a tattaro waɗannan shafuka a kawo zaurenka, ni zan zo in sa musu lambobi, a cire sunaye, mu miƙa kwafi ɗaya ga sashen lafiya na ƙaramar hukumar Kaduna ta Arewa, ɗaya kuma ga shugabannin 'yan kasuwa kafin su yi odar kayan babbar Sallah.

Shugaban taro ya nuna mini agogo. Bindigar nan zan bar ta a kan tebur, na cire ƙwayoyin, duk mai son ya ga sifirin ɗin ya zo in buɗe masa bayan tambayoyi.